Ɓaure a Randar Kaka

Ba zan taɓa mantawa da warin nan ba. Wari ne irin na tafkin da ya fara ƙafewa, taɓo haɗe da kashin awakin da ya jiƙa ya ruɓe. A tsakar gidanmu ya tashi, ranar da muka yi rashin kakata, gida cike da mata. Kuma ni ce sanadinsa.

Kaka, mahaifiyar babana, ba 'yar Damargu ba ce. Aure ne ya kawo ta ƙauyenmu na kusa da Gangara daga wajen Mirya, ƙasar lambuna. Ta ƙare ƙuruciyarta da ƙarfinta tsakanin aduwa da ƙaya ba ta taɓa ƙorafi ba, amma da tsufa ya kama ta, idanunta suka dushe, sai ya zama ba ta da hira sai ta wani ɓaure da ke bakin ruwa a garinsu. Yadda inuwarsa take da sanyi, yadda jemagu ke kakkaɓo musu 'ya'yansa. Takan ce da za ta ƙara shafa ganyen ɓaure sau ɗaya, da ta gode Allah.

Ni kuwa lokacin ina shekarar farko a jami'a a Damagaram, ina karatun adabi, kaina cike da baitoci. (Ina cikin irin 'yan matan nan da za a aika sayen gishiri su tsaya kallon gajimare.) Sai na ƙudura a raina ni zan kawo wa Kaka ɓaure har ƙofar ɗakinta.

Ƙawata Rahila, 'yar fasto ce, kuma a gidansu da ke bayan coci suna da ɓaure irin na lambu, mai manyan 'ya'ya, jere cikin tukwane. Da za mu tafi babban hutu ta ba ni dashe ɗaya, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, saiwarsa sirara kamar gemun masara. Ta yi mini bayani dalla-dalla: in yanka ƙaramin bido, wato jarkar mai, in huda gindinsa, in zuba ƙasa mai rairayi. In saiwa ta cika shi baɗi in mayar da dashen cikin bokiti, daga baya rabin tano, wato duro. Ta ce kada in yi masa gaggawar babban mazubi, domin ƙasa mai yawa tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba, sai ta ruɓe. Na ce to, na ji.

Ban ji ba. Tun a cikin motar Tanut, a hanyar gida, dashen na kan cinyata, na fara jin tausayinsa. Itacen da aka halitta don ya yi inuwa, a ce a tsare shi cikin bidon mai kamar ɗan kurkuku? Kafin mu iso har na tsara masa baitoci a kan 'yanci. (Allah ya rufa mini asiri, ban karanta wa kowa ba.)

A lungun ɗakin Kaka, bayan gadonta, akwai wata babbar randa baƙa a kife. Tun tasowata ban taɓa ganin an zuba mata ruwa ba. Ita idona ya faɗa wa. Da na roƙa, Kaka ta miƙa hannu ta lalubi jikin randar tana shafawa.

"Madam," ta ce, don haka take kirana tun da na shiga makaranta, "itacen naki har ya kai girman nan?"

Na ce zai kai. Goggo Hajara, ƙanwar babana da ke jinyarta, ta buɗe baki za ta yi magana, Kaka ta ce ta ƙyale ni in ɗauka.

Huda gindin randar kuwa ban iya ba, kyanta ya hana ni. Na cika ta da ƙasa, na ƙara taki don nuna ƙauna, na kafa dashen a tsakiya. Ya tsaya kamar tsinke a tsakiyar faifai. Damina ce, sama na ba shi ruwa, ni ma ina ba shi safe da yamma. Ganyen ya fara rawaya, na ce kewar gida ce. Ya fara zuba, na ce sabon wuri ne. Kullum da safe Kaka sai ta tambayi lafiyar ɓaure, ni kuma in ce yana hutawa. Ta ce mu 'yan boko har itacenmu ma hutu yake zuwa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Wajen ƙarshen damina, wata safiya bayan ta idar da sallar asuba, Allah ya karɓi abinsa.

Kafin hantsi an yi mata wanka an suturta ta. Mata sun shimfiɗa tabarmi sun cika tsakar gida, ba ka jin komai sai salati ƙasa-ƙasa. Ina zaune a gindin randar ina kuka, sai ga Baffa Ila, yayan babana, ya shigo da maza biyu, suka nufo inda nake. Ɗaya ya kama bakin randar zai karkata ta.

Ban san lokacin da na rungume ta ba. Na ɗaga murya, ni da ko a aji ba a jin maganata, na ce babu mai taɓa itacen nan, shi ne abin da ya rage mini na Kaka, ranta na cikin ganyensa. (Ganye biyu ne suka rage, su ma sun yi baƙi.) Salati ya tsaya cak. Wata tsohuwa ta yi istigfari a madadina.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya sunkuyo ya ce, "Tashi, 'yata. Kabari na jira."

A ranar na san cewa a wajenmu, da yake itace na da wuya, tukwane ake fasawa a jera a kan ramin kabari kafin a tura ƙasa, babbar randa kuma ita ake kifawa ta wajen kai. Kowa a gidan ya san haka. Mata ba sa zuwa maƙabarta, ni kuma tun ina ƙarama makaranta ta ɗauke ni, na san sunayen mawaƙan ƙasashen da ban taɓa gani ba, ban san da me ake rufe mutanen gidanmu ba.

Goggo ta janye ni. Suka karkata randar don su zubar da ƙasar. Saman ne kawai ƙasa. Daga ƙasa baƙin ruwa ne mai kauri, na damina guda, ya kwararo ya bi ƙarƙashin tabarmi, ya doshi ƙofar ɗakin da Kaka ke kwance cikin likkafani. Mata suka miƙe suna tattare zannuwa, suna toshe hanci da bakin mayafi. Goggo ta durƙusa tana tare ruwan da rairayi da hannunta. A tsakiyar taɓon ga ɓaurena nan kwance, ɗan tsinke baƙi, ko silin saiwa babu.

Tsohuwar nan ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Madam, wannan ne inuwar?"

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

An wanke randar da toka, an sake wankewa, amma yumɓun ya riga ya sha warin. Liman ya ce babu laifi a yi amfani da ita, Baffa ya ce shi dai ba zai kifa wannan a kan fuskar uwarsa ba. Dole aka tura mutane daji saro rassan aduwa. Kaka, wadda ya kamata a kai ta da hantsi, ta jira cikin zafi har bayan azahar, maza na zaune a ƙofar gida suna tambayar abin da ya kawo jinkiri. Ni kuwa na shige bayan rumbu, ban fito ba har aka ɗauke ta.

Yanzu ina da ɓaure a gidana, kuma a bidon mai ya fara, mai huji a gindi, ban tsara masa ko baiti ɗaya ba. Na koyi cewa ƙaramin abu ƙaramin wuri yake so tukuna, kuma in ka ga abu a kife a ɗakin tsohuwa, ka tambayi dalili kafin ka ba shi aiki.

Sai bayan shekaru, ranar sunan 'yata ta fari da aka mayar wa sunan Kaka, Goggo Hajara ta gaya mini sauran. Randunan biyu ne, hannu ɗaya ya gina su, cikin kayan aurenta Kaka ta zo da su daga Mirya. Ɗayar tana kan kabarin kakana. Tun ranar da aka rufe shi da waccan Kaka ta kife wannan, ba ta ƙara yarda an zuba mata ruwa ba.