Farfesa Raelene da Gadon Fitila

A duk garuruwan bakin teku da ke arewa da Brisbane babu wanda ya san fatar ɗan Adam kamar Raelene Tibbett. Ita ta faɗa, kuma ba a taɓa jin ta janye ba. Shekara talatin da huɗu tana riƙe da shagonta a Caloundra, tsakanin mai soya kifi da mai wankin kaya. Mata na shiga farare tas kamar madara, ta fesa musu rini daga goshi har tafin ƙafa, su fito ruwan ƙasa, wani lokaci ruwan lemo idan hira ta yi daɗi hannu ya zarce. A bango ta rataye takardar shaida cikin gilashi. Kwas ne na kwana uku, ta halarci biyu, ta ce na ukun maimaici ne. Daga nan ta zama Farfesa. Ita ta fara kiran kanta haka, mutanen gari suka ɗauka, kowa da irin muryar da yake faɗar sunan.

Ita ce tallar sana'arta. Shekarunta sittin da ɗaya, ba ta taɓa zama a inuwa da gangan ba. Fatarta ta yi duhu, ta yi tauri, ta yi sheƙi, ta kai inda majema ke fatan kirgi ya kai. Idan ta yi murmushi sai an ɗan jira kafin fuskar ta koma mazauninta. Matan gari suna kiran ta Jakar Fata a bayan idonta. Da labarin ya iso mata ta ji daɗi, ta ce ai jakar fata ita ce mai tsada.

Lokacin da gwamnati ta hana shaguna ajiye gadon fitila, wato dogon akwatin nan mai murfi da mutum ke kwanciya a ciki fitilu su gasa shi don fatarsa ta yi duhu, Farfesa ta bi doka sau da ƙafa. Ta fitar da nata daga shago. Ta sa mijinta Clive ya kai shi garejin gida, mai rufin kwano, ya ajiye kusa da injin yankan ciyawa. Can aminai ke zuwa gaishe ta, ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin ashirin.

Babu mai girman da ba a jarraba shi, kuma jarrabawar Raelene surukarta ce. Ɗanta tilo, Brenton, ya tsallake duk 'yan matan bakin teku ya auro Tamsin daga Hobart, gari mai sanyi can kudu, malamar makaranta mai jan gashi da ɗige-ɗige a fuska, fara sol har ana ganin jijiyoyin hannunta. Tamsin ba ta fita sai da malafa. Raelene ta jure wannan shekara uku. Amma da cikin Tamsin ya kai wata bakwai, aka sa walimar tarbar jariri ranar Asabar, Farfesa ta ɗauko mai hoto. Nufinta a buga hoton surukar da girma a liƙa a tagar shago, a ƙasa a rubuta Uwa Mai Sheƙi.

"Kwanciya uku kawai a gadon fitila, 'yar lele," ta ce da ita a kicin, tana ɓare jatan lande. "Kafin Asabar kin zama mutum."

"Raelene, ciki gare ni fa."

"Shi ya sa. Jariri yana cikin duhu wata tara, ba ki tausayinsa? Haske abinci ne. Ni da cikin Brenton kullum ina kwance a yashi na shafe jikina da man kwakwa, tun hantsi har la'asar. Dube shi yanzu."

Tamsin ta dubi Brenton. Yana tsaye gaban firji a buɗe, ya manta abin da ya zo ɗauka.

"Zan tambayi ungozoma," in ji ta.

Farfesa ba ta ƙin a tambayi ƙananan ma'aikata, muddin tana wurin don ta gyara musu. Ranar awo ta bi Tamsin asibiti cikin riga marar hannu, ta zauna a kujerar da aka ajiye wa miji. Ungozomar, Losaline Taufa, 'yar tsibirin Tonga ce, doguwa mai jiki, ba ta gaggawar magana. Ta saurari tambayar tana auna cikin da tef.

"A'a," ta ce. "Zafi ne ba ma so. Mai ciki jikinta ya riga ya ɗumama, ga jiri ba ya mata wuya. Fatarta ma yanzu ba ta son haske mai ƙarfi, takan yi tabo a fuska. In kala take so, ta shafa na kwalba, ta fara gwadawa a ɗan wuri. Gadon fitila kuwa, ko marar ciki ban ce ya shiga ba."

Raelene ta yi mata murmushin da manyan malamai ke yi wa ɗalibi mai ƙoƙari.

"Sista, shekara nawa kika yi kina karatun fata?"

"Ban yi ba, Misis Tibbett. Haihuwa nake karɓa."

"To kin gani. Kuma ke da aka haife ki da kalarki kyauta, ina za ki san wahalar mutane?"

Losaline ta yi dariya har tef ɗin ya faɗi. Raelene ta ɗauki wannan a matsayin miƙa wuya, ta ba ta katin shago a bakin ƙofa.

Tamsin dai ta ƙi. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce a'a ranar Laraba, ta sake cewa a'a ranar Alhamis. Brenton da aka nemi ra'ayinsa ya ce duka biyun suna da gaskiya, ya tafi wanke mota.

Asabar ta zo da zafin Disamba, tsakiyar bazara a can, irin wanda kwalta ke laushi. Mata kusan ashirin suka cika farfajiyar gidan, Clive yana gasa nama, kek na narkewa a tebur. Tamsin na zaune ƙarƙashin bishiyar mangwaro da malafarta da gorar ruwa. Mai hoto ya duba ta ya ce hasken fuskarta ya yi masa daidai. Wannan magana ta yi wa Farfesa zafi. Ta riga ta sha kofi uku na farar giya, ruwa kuwa ba ta sha, don a iliminta ruwa yana sa kala ta dishe daga ciki. Ta buga cokali a kofi.

"'Yan'uwa mata, an shiga zamanin tsoro. An tsorata 'ya'yanmu da rana, an tsorata su da fitila, gobe za a tsorata su da kyandir. A gidan nan an ce injina yana da haɗari. Ku biyo ni ku ga haɗarin da idonku."

Suka bi ta gareji da faranti a hannu. Ƙarfe ɗaya na rana, kwanon rufi har ƙara yake yi. Raelene ta tuɓe zuwa kayan ninkaya, ta ɗora ɗan tabarau, ta murɗa agogon injin zuwa ƙarshe, ta kwanta, ta ja murfi. Shuɗin haske ya fito ta gefe, muryarta ta biyo shi.

"Kun ga? Kamar a gadon uwata. Wannan ɗumi shi jariri ke nema. Likitoci sun sani, ba sa so a faɗa ne. Akwai abubuwa huɗu da haske ke yi wa mai ciki. Na farko, yana buɗe jini. Na biyu…"

Matan suka jira na biyu. Sun san Farfesa da jan numfashi kafin babbar magana, don haka ba wadda ta damu. Wata ta ƙaro kek. Wata ta ce da Clive naman ya yi daɗi. Minti ɗaya ya wuce, na biyu bai zo ba.

Tamsin ce ta lura da hannun da ya zamo ta gefen murfi yana lilo. Ta ture mata biyu, ta durƙusa da cikinta da ƙyar, ta fizge wayar daga bango.

"Brenton, ɗaga murfin! Clive, kira motar asibiti! Ku buɗe ƙofar nan, ku ba ta iska!"

Ta jiƙa tawul da ruwan gorarta ta shimfiɗa wa surukarta a wuya da ƙirji, tana kiran sunanta. Brenton ya tsaya riƙe da murfi yana kuka. Da Raelene ta buɗe ido, abin da ta fara gani farar fuskar nan ce mai ɗige-ɗige, sharkaf da gumi.

"Na biyu," in ji ta, sannan ta yi amai a kan injin yankan ciyawa.

A asibiti aka ce zafi ne da ƙarancin ruwa, aka ɗaura mata ruwa leda biyu. Likitar da ta juya ta don sauraron huhu ta tsaya a kan wani baƙin tabo ƙarƙashin kafaɗa, ta tambayi tun yaushe yake nan. Raelene ta ce wannan tabon kyau ne. Aka yanke tabon kyau aka kai gwaji, ya dawo da sunan sankarar fata. An kama shi da wuri, in ji likitar, da an ƙara wata shida da zancen ya bambanta. Ta hana ta rana, ta hana ta fitila, ta hana feshi ma sai ɗinki ya warke. Clive ya fita baranda ya daɗe yana share ido. Washegari ya kai gadon fitila juji da kansa, bai nemi izini ba.

Wata biyu Farfesa ta yi a ɗaka cikin riga mai dogon hannu. Kalar shekara arba'in ta riƙa tafiya a hankali, ta bar tamojin a inda suke. Amma ilimi ba ya dishewa. Kafin Tamsin ta haihu, Raelene ta riga ta gano cewa ita ce ta fara gargaɗin mutane kan gadon fitila a duk jiharsu ta Queensland, kuma abin da ya faru a gareji darasi ne ta shirya da gangan, ta sadaukar da jikinta don jikarta.

Ranar da aka haifi yarinyar, Raelene ta zo ɗakin masu jego da ƙatuwar malafa da doguwar farar riga. Ta ɗauki jaririyar, ta yi shiru na kusan minti guda, abin da Clive ya ce bai taɓa gani ba. Sannan ta miƙa ta ga Tamsin, ta fita zaure inda wasu masu ciki uku ke jiran awo, ta tsaya a gabansu.

"'Ya'yana, ku saurari wadda ta sani. Shekara talatin da huɗu ina faɗa wa mata, rana ba ƙawarku ba ce. Akwai abubuwa huɗu…"

Wata nas da ke wucewa da keken marasa lafiya ta tsaya, ta dube ta sama da ƙasa, ta kama gwiwar hannunta a hankali.

"Haba Iya, wa ya bar ki kika sauko ke kaɗai? Dubi yadda kika yi fari. Zauna in mayar da ke gadonki."

Raelene ta juya ga mijinta don ya faɗa wa yarinyar nan da wa take magana. Clive ya karɓi jakarta, ya zaunar da ita, ya gyara mata ƙafa a kan keken, ya tambayi nas ɗin ko hawa na nawa ne.