Sanarwar Rasuwar Maishiru, Takalmin Farautar Abdussalamu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, Abdussalamu maharbi na nan Dogon Dutsi yana sanar da 'yan'uwa da abokan farauta na Ɗan Kassari da Tibiri da duk faɗin Arewa rasuwar takalminsa na hawan dutse, wanda aka fi sani da Maishiru. Ya rasu ranar Talata da azahar a kan rufin kwanon madafa, yana da shekara goma sha tara a ƙafar mai shi, ban da shekarun da ya yi a ƙasar Turawa kafin ya iso nan. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba kuma dutse ba. Kashe shi aka yi, a cikin gida, da rana tsaka, kuma mai sanarwa ya san wadda ta yi.

Ya kamata a fara da yadda suka haɗu, ko masu shiga kasuwa yanzu su nuna takalmi da yatsa su ce a naɗe musu sa koyi wani abu. Abdussalamu bai je da safe ba. Sai da ya wuni yana yawo a gona, ƙafa ta kumbura ta kai girmanta na gaskiya, sannan ya nufi masu gwanjo, domin takalmin da aka saya da ƙafar safe shi ke cizon mutum da la'asar. Ya zauna a gaban tulin takalma ya soma tankaɗe da rairaya. Ya ɗauki na soja, ya ji nauyinsa ya kai na taɓarya, ya ajiye. Na robar masu lambu ko taɓawa bai yi ba, don ya san yadda yake dafa ƙafa. Na yadi kuwa ƙayar aduwa ba ta ma san da shi ba. Can ƙasan tuli ya zaro marigayi, launin ƙasa, fata mai kauri, wuyansa ya haura idon sawu. Ya lanƙwasa tafinsa, ya ga a wajen yatsu yake lanƙwasuwa ba a tsakiya ba. Ya murɗa shi kamar mai matse wanki, ya ƙi murɗuwa. Ya sa ƙafa, ya zura yatsa ɗaya a bayan diddige, ya shiga daidai. Daga nan ya hau tarin duwatsun wani mai gini da ke gefen kasuwa ya sauko har sau uku, mutane na kallonsa suna dariya. Bai kula su ba, don shi ya san a gangara takalmi yake faɗin gaskiyarsa: in yatsu suka bugi gaba, to farce ya tafi. A ƙarshe ya rufe ido ya yi tafiya a kan tsakuwa yana saurare. Bai ji komai ba. A nan take ya raɗa masa suna.

Duk wanda ya yi farauta da su biyun zai yi wa marigayi kyakkyawar shaida. Ba shi da surutu. Iyakar abin da aka taɓa ji daga gare shi shi ne “sif, sif” a kan rairayi, sai kuma “ƙas” guda ɗaya a kan marmara in maigidansa ya yi garaje, wannan kuma jan kunne ne. Ya sha isa kusa da zabin daji suna tsakiyar kiwo ba su ɗaga kai ba. Ya riƙe idon sawu a gangaren da ya karya ƙafafun samari. A ɓangarensa na hagu akwai huda biyu ƙanana, inda kububuwa ta kai sara ta tarar da fata ta fi ƙarfin haƙoranta. Sau uku baduku yana sake masa tafi da tayar mota, bai taɓa ƙorafi ba. Abincinsa man shanu ne kaɗan a goshin kaka. Tun da yake bai taɓa haɗuwa da sabulu ba, domin ƙanshin sabulu yana riga maharbi isa hancin gada. Wannan kuwa babu gidan maharbi a Arewa da ba a san shi ba. A kan turke yake rataye a zaure, kuma ko kaji sun san ba a zuwa wurin.

Masu baƙin baki suna cewa marigayi ne ya kayar da maigidansa bayan kaka. Mai sanarwa yana ƙaryata wannan da babbar murya. Abin da ya faru shi ne, suna saukowa bayan wata beguwa, dutse ya gusa daga inda Allah ya ajiye shi. Da takalmi da mai shi duk babu mai laifi. Gaskiya ne gwiwa ta kumbura. Gaskiya ne sai da maza huɗu suka sauko da Abdussalamu a kan ƙyauren gidan wani, idonsa a rufe, jini a goshi, mata na biye suna salati. Gaskiya ne kuma ya yi sati shida a kwance, matarsa Zalihatu ce ke juya shi, ita ke gasa gwiwar da ruwan zafi, ita ke fita da abin da ba a faɗa a takarda. Ba ya musun ko ɗaya. Ma'aikacin likita da ya duba shi ya rubuta ordonans, wato takardar magani, ya kuma ƙara da abin da ba a tambaye shi ba, wai mai shekara sittin da bakwai ya bar dutse hakanan. To shi ma'aikacin ko tudun tururuwa an taɓa ganin ya hau?

Gwiwa ta warke, ko dai ta kusa. Maharba suka sa ranar babbar farautar rani, wadda Abdussalamu yake gaba a cikinta shekara da shekaru, don shi ya san kowane kogo da kowace mashayar dabba a saman nan. Ana saura kwana biyar ya sauko da Maishiru daga turke, ya shafa masa mai, ya sake masa igiya. Zalihatu na daka tana kallonsa. Washegari ya tafi Tibiri sunan jika, ya bar marigayi lafiya ƙalau.

Ga yadda ajali ya zo, kamar yadda maƙwabta suka shaida. Motarsa na tashi aka sauko da Maishiru. Aka tsoma shi a tukunyar ruwan toka mai kauri, irin wanda majema ke tuge gashin fata da shi, aka ƙara kanwa, aka danne shi da dutsen niƙa kada ya taso. Wuni biyu yana ciki. Daga nan aka dirje shi da soso da sabulu mai ƙanshin turare, aka ɗora shi a kan rufin kwano cikin zafin rana, aka bar shi. Da Abdussalamu ya dawo ya tarar da shi ya ƙanƙance, ya yi fari fat, hancinsa ya ɗage sama, tafinsa ya rabu da jikinsa. Ya ɗauke shi a hankali ya gwada lanƙwasa shi. Takalmin da ya shekara goma sha tara bai ɗaga murya ba ya ce “ƙarararas”, ya tsage gida biyu. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Abdussalamu ya shiga tsakar gida da gawa a hannu. Zalihatu na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Wa ya taɓa min shi?”

“Ni ta, Maigida. Wanki kawai niy yi mai. Mi al laihi ga wanki?”

Da amaryar jiya ce ta faɗi haka, da sai a ce rashin sani ne. Zalihatu ɗiyar maharbi ce, jikar maharbi, kuma shekara talatin da takwas ke nan tana gidan maharbi. Ita ce take korar baƙi daga wajen turken nan. Ya faɗa mata haka, da ma abin da ya fi haka. Sai ta ajiye rariya ta dube shi ido cikin ido.

“To na sani. Ina sane niy yi. Ranar da anka sauko da kai bisa ƙyaure, kai ba ka ga kanka ba, ni nig gane ka. Gara ka yi makokin takalmi da in yi takaba.”

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da aiki. Har yau ba ta ba da haƙuri ba, kuma tuwonta bai rage daɗi ba, wanda shi ya fi komai ƙona ran mai sanarwa.

Kada jama'a su ɗauka ita kaɗai ce. Washegari da la'asar Abdussalamu ya tafi wajen Bilal mai gwanjo neman magaji. Ga takalman hawa nan rataye reras, har da wani mai dogon wuya da ya yi kama da marigayi. Bilal ya sosa ƙeya ya dubi ƙasa.

“Baba, lamba arba'in da huɗu ta ƙare.”

“Wancan hwa?”

“Wancan an riga an kama shi.”

“Wa ya kama?”

“Wani mutum na.”

Rumfa huɗu ya shiga, duk wani mutum ya riga shi. Daga baya ya ji cewa Zalihatu ta bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya tun kafin ta jiƙa toka. Ana cikin haka sai ga saƙo daga Doso, wajen ɗansa Luƙman mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko: takalmi sabo fil a kwali, marar diddige, mai sheƙi, tafinsa sumul kamar bayan ƙwarya. Luƙman ya kira a waya yana cewa, “Baba, wanga ya hi dacewa da kai yanzu, daga gida zuwa masallaci.” Abdussalamu ya gwada shi a dakalin ƙofar gida, ya zame tun a taku na biyu. Yana kuma kuka “ƙii, ƙii” a kowane taku, ta yadda ko kewaye mutum ya nufa sai unguwa ta sani. An yi farautar rani ba da shi ba. Daga zaure ya ji haushin karnuka a saman dutse, sun bi ta kogon da babu komai a cikinsa, shi kuwa yana zaune da abin sheƙi a ƙafa. Bai ci abinci ba a ranar.

Marigayi ya rasu ya bar safa biyu, ɗaya ta huje a diddige. Ya bar igiya sabuwa da ba ta taɓa ganin daji ba, da adaka, da burgami, da wani ragowar man shanu a gwangwani. Ya bar kare mai suna Ƙyale-su, wanda ke zuwa gindin turke yana shinshina yana komawa. Ya bar kuma dattijo guda, da ƙafafu biyu masu sauran aiki, ko gidansa sun yarda ko ba su yarda ba.

Ana karɓar gaisuwa a zaure daga hantsi zuwa la'asar. Mai sanarwa yana roƙon masu zuwa su kiyaye abu uku. Kada wanda ya ce masa ai takalmi ne kawai. Kada wanda ya ce Zalihatu don ƙauna ta yi, ya sani, kuma sanin bai ɗinke fata ba. Masu gwanjo kuma an yafe musu zuwa.

Ba za a yi wa marigayi salla ba, liman ya riga ya yi bayani kuma an gamsu. Wanka ma ba sai an yi ba, wanda aka yi masa ya isa. Za a naɗe shi a buhun gero a rufe shi ranar Asabar da hantsi, a can ƙololuwar dutsen da ke gabas da gari, inda ya yi aikinsa. Abdussalamu ne zai ɗauki gawar da kansa, bai wakilta kowa ba. Tun da lamba arba'in da huɗu ta ƙare a duk ƙasar Arewa, da ƙafa tsirara zai hau, da ita kuma zai sauko. Masu rakiya za su tsaya a gindin dutse. An keɓe wa Zalihatu tabarma a inuwar aduwa, daidai inda za ta riƙa ganinsa tun daga takun farko har na ƙarshe.

An kai mata wannan sanarwa an karanta mata kafin a fitar. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce a ba wani tabarmar, ita a tsaye za ta jira, kuma ta riga ta yi magana da mai amalanke ya zo da jakinsa ya tsaya kusa da ita.