Ranar da Na Juya Alƙibla

Ko tsufa ya kwashe mani tunani, ba za ni taɓa mantawa da magaribarmu ta farko a Sabon Birni ba. Mun baro Gatawa saboda rashin kwanciyar hankali, muka sauka a gidan da ba mu sani ba, hadari ya rufe sama, ba rana ba alamarta.

Ni kuwa ina zaure da aikin fiziks. An ba mu tambayoyi kan maganaɗisun da lantarki ke haifarwa in ya zagaya cikin zoben waya, lissafi ya ƙi mani. Sai na naɗe waya, na haɗa da batir, na sa kamfas, abin nuna arewa da malaminmu ya ara mani, a tsakiya, in gani da idona.

Kawu Ummaru yana nan, shi da ya dage a fitar da ni makaranta in bi shanunsa. Da aka yi alwala ya ce, "Ina gabas ga gidanga?"

Baba ya ce, "Ga masani nan, tambaye shi." (Wallahi har kaina ya kumbura.)

Na leƙa allurar kamfas, na miƙa hannu kamar wani babban malami. Aka yi sahu. Muna sallamewa sai wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta katanga: "Bayin Allah, lahiya? Arewa kuka fuskanta!"

Na manta ban cire batir ba. Wayar da na naɗe ce ta janye allurar.

Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Ka ga bokon naka! Shanuna ma sun san gabas."

Na so ƙasa ta tsage. Ba dariyar ta dame ni ba, Baba na ji wa, don shi kaɗai ke tsaya mani.

Baba ya tsuguna kusa da ni. "Nuna mani, ɗana."

Na cire batir, allura ta koma wurinta. Na mayar, ta juya. Ya sa na sake, yana murmushi.

"Ummaru, wanga yaro da 'yar waya ya juya dattawa biyu. Gobe makaranta za shi. Ku tashi mu sake salla."

Yau ni ke koyar da darasin. Amma in na sauka baƙon wuri, maƙwabta nake tambaya gabas.