Layar da Na Ciro Daga Sitiyarin Baba

Ko da tsufa zai share mini komai daga ka, ba zan manta da ranar da na naɗe hannun rigata a gefen hanyar Illela ba, a gaban mahaifiyata da rabin danginmu. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Babanmu direba ne. Da tsohuwar kat-san-kat ɗinsa, farar mota mai giya a jikin sandar sitiyari, ya yi ta jigilar mutane tsakanin Ƙonni da Illela tun kafin a haife ni, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Da ya rasu aka tura motar ƙarƙashin rumfa, kaji suka mai da ita masauki. Inna kuwa tun daga lokacin ba ta ƙara sa ƙafa a mota ba. A cewarta direbobin yanzu duk sauri suke yi su isa lahira.

Sai ga matar ƙanena da ke aiki a Illela da ciki, shi kuma ya yi alkawari in namiji ne sunan Baba zai ci. Aka yi ta lallashin Inna ta shirya zuwa suna. Ta ce, "Da motar babanku na tashi, da na tahi." Ta faɗa ne don a ƙyale ta. Ni kuwa na buga ƙirji na ce za ta tashi (ni da sana'ata sayar da albasa, ban san komai a mota ba sai oda da madubi).

Na jawo Mamman, abokina tun muna lakwal, wato makarantar boko, wanda ya zama makaniki. Injin bai ba mu wuya sosai ba. Sitiyarin ne ya ƙi: ka juya shi ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, tayoyin kuma su yi biris da kai. Mamman ya ce sai an zare sandar gaba ɗaya.

Ranar da muka shimfiɗa kayan cikinta a kan buhu, wallahi jikina ya yi sanyi. Ni a zatona sitiyari ƙarfe ne guda ɗaya. Ashe sanda ce a cikin bututu, ga sandar giya kwance a gefenta, ga wayoyi siri-siri, ga ƙananan zobba kowanne da wurin zamansa. Muna wanke su da fetur, baƙin giris yana narkewa, ƙarfen yana fitowa fes kamar jiya aka ƙera shi. A jikin sitiyarin kuma ga wurin da tafin hannun Baba ya cinye har ya yi santsi. Na ɗora hannuna a wurin.

A wuyan bututun, can sama, Mamman ya zaƙulo wani abu da tsinken ƙarfe. Zobe ne na fata, baƙi wuluk, an naɗe shi an ɗinke da wani irin ɗinki ƙanana-ƙanana, a jere, ba wanda ya fi wani. Mamman ya sake shi a kan buhu ya ja da baya.

"Wanga ba aikin Anasara ba na," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Muka dubi juna. Direban da ya yi shekara da shekaru bisa hanya bai taɓa haɗari ba, ga kuma fata a ɗinke a ɓoye daidai inda hannunsa yake! Mamman ya ƙi ko taɓa ta. Ya yi saƙo Sakkwato aka kawo masa zoben roba ya sa a gurbin (ya ɗan yi sako-sako, amma ya ce zai zauna). Ni kuma na zura wa layar igiya na ɗaura a damtse.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Inna. Ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, maganarmu ba ta wuce gaisuwa. In tana son in yi abu, sai ta faɗa wa bango ni kuma in ji. Ta ina zan fara yi mata zancen asirin mijinta?

Matata ta yi ta mita cewa ina warin tsohon gareji. Ban kula ta ba, musamman bayan da amalanken jaki ya ture ni daga babur a Tsarnawa na faɗa kan buhunan albasa ko ƙwarzane babu. Daga ranar ba majalisar da ban ba labarin gadon da Baba ya bar mini ba.

Aka haifi namiji. Ranar tafiya Inna ta fito ta tsaya tana kallon motar, ta shafa ƙofar, ta shiga baya ita da matata. Mamman na gefena, motar dangi na biye da mu. Ina tuƙi ina jin kaina kamar gwamna.

Muna sauka daga kwalta sitiyarin ya fara: kaf-kaf-kaf, kaf-kaf-kaf, yana kaɗawa a hannuna. Na hango Inna ta madubi ta runtse ido ta dafe ƙirji. Da muka iso wani ƙauye da kasuwa ke ci a bakin hanya ta ce a tsaya, ita ta gama tafiya, a nemo mata amalanke ya mai da ita gida. Dangi suka firfito, 'yan kasuwa suka kewaye mu suna kallon tsohuwar mota. Na ga alkawarina yana shirin wargajewa a tsakiyar hanya.

"Mamman," in ji Inna, "tambayi abokinka, ina yak kai hwatar da ke wuyan sandar ga?"

Ashe ta san da ita! Na gyara tsayuwa, na naɗe hannun riga a hankali yadda kowa zai gani, na ce, "Ga ta nan, Inna. Ban bari layar Baba ta taɓa ƙasa ba."

Ta dubi damtsena. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Ban taɓa ganin Inna tana dariya irin wannan ba, har da hawaye.

"Wace laya? Gindin tsohon wasakinmu na, na ɗibar ruwa! Ni na yanke shi, na jiƙa shi da man shanu, na ɗunke."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mai rake har da zama a ƙasa. Matata kuwa ta juya baya, amma ina ganin yadda take girgiza. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, ni da igiyata.

Mamman bai yi dariya ba (shi ma da kasonsa a ciki). Ya kwance sitiyarin nan take, ya zare robar Sakkwato, ya karɓi fatar daga damtsena ya tura ta a gurbinta. Ta shige ta zauna daram. Muka tashi, muka bi ramuka da tsakuwa, ko ƙis ba ka ji. Abin da aka ƙera a masana'anta ya kasa, ɗinkin da Inna ta yi tun tana amarya ya riƙe. Kunya na cina, amma mamaki ya fi ta yawa.

Mun yi nisa kafin Inna ta sake magana, kuma da matata take yi, tana kallon gonakin gero ta taga.

"Ƙarar nan ce ba ni so. Lokacin ina ɗauke da wani, in ta yi sai shi ta motsi cikin cikina, shina harbi. Shi ya sa na ce ma babansu shi kawo awon wurin."

Ba ta faɗi ko wane ne ba. Na ƙura wa hanya ido, don ba na so Mamman ya ga abin da ke cikin nawa idon.

Inna ta rungumi mai sunan Baba a ranar, kuma a motar ta dawo. Ni dai an sa mini suna Mai Wasaki daga Ƙonni har Malbaza, kuma na haƙura da shi. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka tsinta a cikin kayan babanka, ka tambayi uwarka kafin ka ɗaura shi a jiki. In kunya ta hana ka, aiki Mamman.