Liƙin da na yi wa kawun Ramon

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan su Ramon ba, ko da yake wallahi na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ramon ɗan Filifin ne, tare muke ɗaga kwalaye a wani sito da ke kan titin Wendover. Tun da motata ta mutu shi ke ɗaukata kullum da safe, kuma in ba ka da mota a garin nan, to aikinka ma na hannun Allah. A motarsa waƙoƙin wata tsohuwar ƙungiyar masu kiɗan rok ta ƙasarsu kawai ake ji. Da farko kaina suke sarawa. Amma yau da gobe ta fi ƙarfin wasa, sai ga shi na san tarihinsu fiye da na dangina: faifan farko a garejin wani suka naɗa, na biyu ne ya fito da waƙar da ta cika gidajen rediyon Manila, na uku bai yi kasuwa ba, daga nan kowa ya kama gabansa. Ba na jin ko kalma ɗaya (har yau ɗin nan), amma ina bin amshi kamar da ni aka rubuta.

Mai kaɗa musu jita kuwa kawun Ramon ne. Yana nan garin, ya tsufa, yana aikin wanki a wani asibiti.

"Ranar Asabar akwai taro a gidanmu, Kawu zai kaɗa," in ji Ramon. "Ka zo, ɗan'uwa."

Ban tambayi taron mene ne ba. Abin da na riƙe shi ne ya taɓa gaya mini su ma suna manna wa ango da amarya kuɗi a bikinsu. Na ce ashe namu ne! Na sa matata Hajara ta haɗa mini 'yan daloli ɗaiɗai.

"Malam, ka tabbata biki ne?" ta tambaya.

"Ke dai, inda akwai makaɗi akwai liƙi."

Daga aiki na wuce, bayana kamar an daka, idona duk barci. Na tarar falo cike, tsohon yana zaune yana kaɗa waƙar nan ta faifai na biyu, a hankali. Kowa ya yi tsit, babu mai ko motsa hannu. Raina ya ɓaci. Mutumin da ya taɓa girgiza ƙasa guda, ya dawo wankin zannuwa, a ce ba mai karrama shi? Na ce yau zan nuna musu yadda ake yi a Kano.

Na ratsa mutane, na tsaya a kansa, na fara manna masa dala a goshi. Tana faɗuwa ina ƙara wata. Har da ɗan rausaya kafaɗa (Allah Ya yafe mini), har da "Sai kai, Baba!"

Jita ta tsaya. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Sai a lokacin na ga teburin da ke bayansa: babban hoto, furanni, kyandir yana ci. Fuskar na san ta sarai, ita ce a bangon faifan da ke motar Ramon. Mawaƙin ƙungiyar ne, ya rasu a can ƙasarsu, ranar ce arba'in ɗinsa. Ni ɗan Musulmi da na san sadakar arba'in tun ina yaro, ni ne na yi rawa a wurin makoki.

Innalillahi! Ban san ta ƙofar da na fita ba. Takalmina ma a hannu na isa bakin titi.

Lahadi ban iya kiran Ramon ba. Hajara kuwa duk lokacin da ta wuce ni sai ta rausaya kafaɗa. Litinin na fito bakin gida ina tunanin motar haya biyu da zan riƙa shiga, da kuma abokin da na zubar da hannuna, wanda ya fi damuna.

Sai ga motarsa. Na shiga, na gaishe shi, ya ja mota kawai. Da muka tsaya a danja ya kunna waƙar nan, ya zaro dala ɗaya, ya lafta mini a goshi.

"In ji Kawu," ya ce. "Wai tun da marigayin ya rasu bai yi dariya ba sai bayan fitarka."

Na bar ta a goshin har muka isa sito, don ba ni da ƙarfin cirewa. Yanzu duk taron da na shiga, kafin hannuna ya kai aljihu sai na fara leƙa bayan makaɗi in ga ko akwai kyandir.