Yadda Sunan Goggo Ya Koma Takardar Kifi

Ba zan taɓa mantawa da katin bikin Yaya Binta ba, ko da na tsufa haƙorana sun zube. A shekarar ne aka kawo kwamfuta guda ɗaya tak makarantarmu a Haɗeja, aka lulluɓe ta da zane, aka hana shiga ɗakinta da takalmi. Sau uku na taɓa ta a duniya, amma a gida na riga na cika baki cewa Malam Bulus, malaminmu ɗan Filato mai kula da ita, ba ya danna komai sai ya tambaye ni.

Shi ya sa da aka sa rana Baba ya miƙo mini sunayen masu gayyata, mutum goma sha huɗu, maza a sama, mata a ƙasa. Ya ce, "To injiniya, ga aiki. Kowa ya fito, musamman Goggonka." Goggo Asabe ƙanwar Baba ce, tana aure a Malam Madori, kuma ita ta riƙe Yaya Binta tun yaye. Sunanta ne na ƙarshe. (Goggo kan yi fushin shekara guda a kan gaisuwar da ba a durƙusa sosai ba.)

Bayan an tashi daga makaranta, Malam Bulus ya buɗe mini ɗakin kwamfutar. Ya ce, "Gefen sama da na ƙasa kada su wuce faɗin yatsa biyu, in ba haka ba sunayen ba za su shiga shafi ɗaya ba. Kafin ka buga, ka leƙa yadda zai fito."

Na ce, "Haba Malam, ai wannan wasa ne."

Yana fita na jera sunaye da yatsa ɗaya. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa aiki irin wannan bai kamata ya tafi ba a san mai shi ba. Na sa sunana a can sama, da haruffan da suka fi na ango girma, na kuma ƙara faɗin gefe don sunan ya sha iska. Firinta ta yi ta ƙara kamar ana yanka akuya. Duk bugu takarda biyu take fitarwa, ta biyun kusan fara fat. Ban ko kalle ta ba, kwalin shara nake jefa ta. Na gwada kusan sau goma, na zaɓi mai kyau, aka yi kwafi, aka raba har Jahun da Kaugama.

Saura kwana huɗu biki Yaya Binta ta kira ni bayan ɗaki, kati a hannunta. "Kai, ina Goggo?"

Na ƙirga. Goma sha uku. Na sake ƙirgawa daga ƙasa, ko za ta fito. Babu ita.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ai Goggo ba ta karatu."

"Ta yi yaƙi da jahilci, sakarai. Sunanta ko a duhu tana gane shi. In ta gani, wallahi ba za ta kai ni ɗaki ba."

Na tattara duk katin da ke gidan na cusa a ƙarƙashin katifa. Har addu'a na yi kogi ya cika ya yanke hanya (ga shi kuwa tsakiyar rani ne).

Washegari Goggo ta iso. Ba ta ga kati ba, don da baki aka gaya mata. Ta zauna a tabarma cikin mata, ta ce, "Kai ɗan boko, an zo Haɗeja ba a ci kifi ba? Maza." Na ruga wurin mai soya kifi ta bakin makarantarmu, na sayo ƙunshi uku. Abin da ban sani ba, mai kifin nan ake ba takardun kwalin sharar ɗakin kwamfuta.

Ni da hannuna na ajiye a gabanta. Ta kwance ƙunshin farko, ta tsaya, ta shafe takardar da tafin hannu. A tsakiyar mai, layi ɗaya tilo: Hajiya Asabe Malam Madori. Ta kwance na biyu. Ita ce. Na uku ma ita ce.

Ta ƙwala wa Baba kira. "Yaya, wa ya rubuta ni a kifi?"

Baba ya zaro kati daga aljihu (aljihun Baba ne kaɗai ban bincika ba). Goggo ta bi shi da yatsa har ƙasa, ta dawo sama. "Wannan ƙaton sunan fa, shi ne angon?"

Mata suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ja mayafi ta ce a kai ta tasha, tunda a kati babu ita, a kifi ga ta har sau uku. Yaya Binta ta riƙe ƙafarta tana kuka, Baba yana ba da haƙuri, ni kuwa ina neman ramin da zan shige.

Da kyar ta zauna, bisa sharaɗi. Aka ba ni biro da keke. Kwana biyu ina sallama gida gida ina cewa, "Don Allah a ba ni katin nan, zan ƙara Goggo." Na Jahun da Kaugama kuwa a bakin ƙofar biki na tare su. Goggo ta kai amaryarta ɗaki, ni kuma har yau a unguwa Angon Kati ake kirana.

Yanzu in firinta ta fitar da takarda biyu, ta biyun nake fara dubawa. Kifi ma ba na kai wa kowa sai na karanta ƙunshin.