Yadda Za Ka Zaga Masar Ba Tare da Iyalinka Sun Gane Ta Burge Ka Ba

Kai magidanci da Allah ya nufa da fita ƙasar waje tare da iyali, matso kusa. Kwana biyun ƙarshe su ne masu haɗari. An gama abin da ya kai ku, sai a ce a tafi yawon buɗe ido, kuma a nan ne dattijo kan saki baki a gaban matarsa, girman shekara talatin ya zube. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, da kwarjininka za ka dawo.

Wurin Alhaji Sada na koyo su, babban manomin masara a Malumfashi. Shi da matarsa Hajiya Suwaiba suka je Alƙahira bikin kammala karatun 'yarsu Aisha Humaira, wadda ta yi shekara biyar a can tana koyon haɗa magunguna. Da aka kira sunanta a zauren taro, Hajiya ta yi ta sharar hawaye. Alhaji kuwa cewa ya yi, "To, madalla." Yarinyar ta jira ƙari, bai zo ba. Gwani ke nan.

Mataki na 1: Taho da abin kwatance daga gida

Duk abin da aka nuna maka, akwai irinsa a wajenku. Da suka shiga tsohuwar kasuwar birnin, mai lunguna cike da fitilu da turare, Humaira ta ce, "Baba, ka ga girmanta?"

"Kin manta kasuwar Funtua da kaka," in ji shi.

Ba sai kwatancen ya yi daidai ba. Faɗa kawai, ka yi gaba.

Mataki na 2: Nemi aibu, ko a jikin dutse ne

A gaban dala wuyanka zai so ɗagawa. Riƙe hularka, ka yi tambaya.

"Wa ke zaune a ciki?"

"Kabarin sarki ne, Baba."

"Mutum ɗaya? Da rumbu suka yi, da har yau ana cin moriyarsa."

Hajiya ta ce, "Alhaji, ko sau ɗaya dai ka ce abu ya yi kyau."

"Ai ban ce ya yi muni ba."

Haddace wannan amsar. Tana aiki a kan gini, tana aiki a kan miya.

Mataki na 3: In zuciya ta fara karkata, kira gida

Da la'asar suka hau jirgin ruwa a Kogin Nilu. Iska ta kaɗa, Alhaji ya ji wani sanyi yana ratsa shi, har bakinsa ya soma buɗewa. Nan take ya zaro waya ya kira ƙanensa Mati, wanda ya bar wa gona.

"Mati, an yi ruwa? An zuba taki na biyu? Kar ka bari ciyawa ta rufe ta gefen rafi."

Kafin su gama, jirgi ya dawo bakin gaɓa. Mutumin da ke maganar taki babu kogin da zai iya da shi.

Mataki na 4: Kada ka zauna ta gefen taga

A nan malamin namu ya yi sakaci. Ranar ƙarshe, suna dawowa daga wasu tsofaffin kaburbura a bayan gari, ya leƙa waje. Sai ga masara kore shar, ta fi mutum tsawo, ga rairayin hamada a bayanta, sama kuwa ko gajimare babu.

"Direba ya tsaya," ya ce.

Ya tattare babbar riga ya tsallaka kwalbati. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Wani tsoho mai doguwar riga da fartanya a kafaɗa ya fito daga cikin shukar, ya yi sallama.

Mataki na 5: In har ka sauka, kada 'yarka ta yi maka tafinta

Larabcin Alhaji bai wuce na salla ba, dole ya yafito Humaira. Ta tambayi tsohon ruwa, ya nuna musu 'yar magudanar da ta taso tun daga kogi. Aka zo kan tsutsa, ashe su ma tana cinye musu ganye. Dattawan biyu suka girgiza kai tare, suka buɗe tafin hannu suna gwada tsawonta.

Can Alhaji ya daina kallon masara. Humaira yake kallo, yarinyar da ko gaisuwa a gida sai ta sunkuyar da kai, ga ta tana zuba harshen mutane har tsoho yana ƙyaƙyatawa.

"Me ya ce?"

"Yana tambaya ne me na karanta."

Alhaji ya gyara tsayuwa. "Gaya masa ilimin magani. Gaya masa shekara biyar ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ki ce duk zuriyarmu babu wanda ya kai inda ta kai, kuma ranar da aka kira sunanta, ubanta ya kasa magana ne don kar a ga hawayensa."

Humaira ta dube shi. Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

"Fassara mana," in ji shi a hankali.

Tsohon bai jira fassara ba. Ya karyo masara goyo biyu, ya danƙa wa Alhaji, ya dafa kafaɗarsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Ban tura ka gona ba, ban kuma ba matarka waya mai ɗaukar bidiyo ba. Hajiya Suwaiba tana cikin mota ta ɗauki komai, kuma kafin jirginsu ya sauka Kano, dangi daga Malumfashi har Gozaki sun kalla. In naka ya fita, kar ka neme ni. Je ka wurin Alhaji Sada, yana ƙofar gidansa bayan la'asar. Zai rantse maka ƙura ce ta shiga masa ido, sannan ya ce ka matso ka ji Larabcin yarinyar tun daga farko.